Hasumiyoyin Yama da masu zanen yau

An daɗe ana zana mu da fuska ɗaya: raƙumi a kan rairayi, mace da tulu, yaro da ƙoƙon bara. Don baƙo mai saye ake yin irin wannan zane. Shi ya sa nake maraba da masu zane da sassaƙa da suka juyo ga annashuwa da tatsuniya, suna fito da ɗan kokowa yana kirari da layu a damtse, ko Gizo yana haɗa wa Kura gadar zare. Hanya ce mai ɓullewa, muddin daga rijiyar gida za a ɗebo ruwan.

Hujjata tana Yama, cikin gundumar Illela ta Nijar. A 1962 Falke Barmu, manomi kuma magini, ya gina masallacin Juma'ar garin da laka. Daga 1975 ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da nata fasali, kamar ƴan uwa huɗu da kowa ya yi tasa kwalliyar Salla. A 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan. Wanda ya tsaya gabansa ya san sassaƙa yake kallo, ya kuma san mai shi ya ji daɗin aikinsa. Abin da ɗaliban zane su Uche Okeke suka yi kira a kai ke nan a Zariya a 1958, wato a haɗa sabuwar dabara da gadon gida, Falke kuwa da hannu ya yi shi, ba tare da shiga aji ba.

Wasu za su ce addini bai yarda da siffanta mai rai ba, kuma tatsuniya tana jan mutum zuwa bori. Malamai sun yi magana a kan siffa, amma ƙofar ba ta rufe ba: ga dagi, ga zanen ƙwarya, ga adon soro, kuma abin da Falke ya ƙawata ɗakin Allah ne. Wasu kuma za su ce zanen murna rufa ido ne a ƙasar da ke fama da fari. Amma Birnin Ƙonni da sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka yi wa kisan gilla a 1899 bai daina kiɗan biki ba. Mai zanen da ya nuna kukan ya bar kiɗan, rabin gaskiya ya faɗa.

Abin tsoro ɗaya ne, kada gado ya zama tambarin da ake mannawa don a sayar. Matashi ya yi sassaƙarsa da simintin Malbaza in ya so, amma ya fara zuwa Yama ya ga yadda laka ta yi wa Falke biyayya.