BAYAN FAIFAI: TARKEN WASU WAƘOƘIN ROK DA BAKANDAMIYA TA DANNE

1.0 Gabatarwa

Kowane makaɗi da ya shahara yana da waƙar da ake kiran sunansa da ita. A wajenmu ita ce bakandamiya, kuma a wannan maƙala za mu ari kalmar mu yafa wa waƙoƙin wasu mutane da ke nesa da mu, wato ƙungiyoyin kiɗan rok na Ingila da Amurka waɗanda suka yi tashe daga wajen 1963 zuwa 1980. Da an ambaci Queen sai a ce "Bohemian Rhapsody", da an ce Led Zeppelin sai a kawo "Stairway to Heaven", su kuwa Beatles ba a raba su da "Yesterday" ko "Hey Jude". Son waɗannan waƙoƙi ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne mai nazari ya ɗauki bakandamiya ita kaɗai ya auna fasahar mai ita, alhali sau da yawa kasuwa ce ta zaɓa masa abin da zai ji.

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi yadda waƙa kan ɓuya, sannan ta yi tarken waƙoƙi uku da ba su yi suna kamar 'yan'uwansu ba. Ma'aunin da za mu yi aiki da shi ɗaya ne: ɓoyayyar waƙa ta cancanci a tono ta ne idan jin ta zai sake mana yadda muke fahimtar sananniyar.

2.0 Yadda Waƙa Kan Ɓuya

A zamanin da muke magana a kansa, waƙa na isa ga mai saye ne ta faifan garmaho iri biyu. Akwai babban faifai wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, kowane gefensa na ɗaukar kimanin minti 22. Akwai kuma ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti ɗaya, wanda RCA Victor ya kawo a 1949, mai ɗauke da waƙa guda a kowane gefe. Gefen farko, wanda za mu kira fuskar faifai, shi ake kai wa gidajen rediyo, shi ake talla, kuma galibi shi ke shiga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa. Gefe na biyu, wato bayan faifai, sai wanda ya saya ya juya ne zai ji shi.

Daga nan za mu ga cewa abubuwa uku kan tura waƙa cikin duhu. Na farko shi ne tsawo, domin gidan rediyo ya fi son waƙar minti uku, kuma idan aka cusa wa babban faifai fiye da ƙima sai sautinsa ya raunana. Na biyu shi ne siyasar cikin ƙungiya, domin ba kowane ɗan ƙungiya ne ke da bakin da za a ɗora waƙarsa a fuska ba. George Harrison, alal misali, sai a 1968 aka fara sa waƙarsa a ƙaramin faifan Beatles, ita ma "The Inner Light" ɗin a bayan "Lady Madonna" aka ajiye ta. Na uku shi ne maimaici. Tun daga shekarun 1980 aka sami gidajen rediyo a Amurka da suka keɓe kansu ga tsohon rok, suna juya 'yan waƙoƙi ƙalilan dare da rana, har kunne ya ɗauka su ke nan ƙungiyoyin suka taɓa yi. Babu ko ɗaya daga cikin dalilan nan uku da ya shafi kyawun jigo ko ƙarfin salo.

3.0 "Rain": Zauren Gwaji

Beatles sun ɗauki "Rain", wato ruwan sama, a watan Afrilu na 1966 a ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke Landan, lokacin da suke aikin babban faifansu Revolver. Ba ta shiga Revolver ba, sai aka ɗora ta a bayan "Paperback Writer". John Lennon ne ya fi hannu a tsara ta. A zahiri jigonta ƙarami ne: mutane ba sa rabuwa da ƙorafin yanayi, in an yi ruwa su gudu, in an yi rana su nemi inuwa. Amma warwarar jigon ta kai mu ga cewa damuwar tana zuciyar mutum ne, ba a sararin sama take ba.

Abin da ya ɗaga waƙar shi ne yadda salon kiɗa ya zama hujjar jigo. An ɗauki kiɗan ne da sauri, sannan aka rage gudun tef ɗin, sai ganga da jita suka yi nauyi kamar hadarin da ya haɗo. A amshi kuma mawaƙin yana jan kalma ɗaya yana lanƙwasa ta bisa sautin da ba ya gusawa, irin na kiɗan Indiya. Can ƙarshe sai aka juya muryar Lennon ta koma baya, kalmomin suka rasa ma'ana, raujinsu kaɗai ya rage. Wato ke nan waƙar da ke cewa abu yakan sake kama gwargwadon yadda aka kalle shi, ita ma ta sake kamar sautinta a gaban mai sauraro. Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar, ya sha bayyana ta a matsayin kiɗansa mafi kyau.

Wanda ya san Beatles ta "Yesterday" kaɗai zai yi mamakin yadda aka yi suka kai ga waƙoƙi masu rikitaccen sauti irin "Strawberry Fields Forever" ta 1967. "Rain" tana daga cikin matakalan da suka taka. A bayan faifai, inda idon kamfani bai cika kaiwa ba, sun sami zauren da za su gwada abin da bai riga ya zama abin sayarwa ba.

4.0 "'39": Murya ta Biyu a Gidan Queen

Babban faifan Queen na 1975, A Night at the Opera, shi ke ɗauke da "Bohemian Rhapsody", waƙar kusan minti shida da ta yi mako tara tana kan gaba a Ingila. Ita ta kafa siffar da aka san ƙungiyar da ita: muryar Freddie Mercury, da amshi mai hawa-hawa, da ƙawa irin ta dandalin wasan kwaikwayo. A cikin faifan nan kuma akwai "'39", wadda makaɗin jita Brian May ya tsara kuma ya rera da kansa, aka kuma sa ta a bayan "You're My Best Friend" a 1976.

Waƙar tarko ce ga mai gaggawa. Kiɗanta na jitar katako ne, da tafiya irin ta waƙoƙin ma'aikatan jirgin ruwa na da, sunanta kuma yakan sa a zaci labarin yaƙin 1939 ne. Sai an natsu za a gane cewa matafiyan nata sararin samaniya suka nufa, neman wata duniyar da mutane za su zauna. A lissafinsu shekara ɗaya suka yi, amma da suka dawo sai suka tarar shekara ɗari ta shuɗe a gida. Wannan ya ginu ne kan ra'in Einstein da ke cewa lokaci na tafiya a hankali ga wanda ke gudun da ya kusanci na haske. May kuwa ba baƙo ba ne a fagen, domin ɗalibin kimiyyar taurari ne a Kwalejin Imperial ta Landan kafin kiɗa ya ɗauke shi, ya kuma koma ya kammala digirinsa na uku a 2007.

Gwanintar tana nan: an ɗauko batun kimiyya mafi sabunta aka zuba shi a tsohon mazubi, sai kimiyyar ta koma kewa. Matafiyi ya ci nasarar abin da ya je nema, amma waɗanda zai kawo wa albishir sun rasu, ba abin da ya samu sai kamannin matarsa a fuskar zuriyarta. A fahimtarmu wannan alamtarwa ce ta duk wanda sana'a ta raba da gida, har da makaɗin da ke yawon duniya. Idan muka koma ga "Bohemian Rhapsody" bayan mun ji "'39", za mu lura cewa ƙarƙashin duk ƙawar nan ita ma kukan wanda ya yi abin da ba ya komawa ne. Ashe jigon na gidan ne gaba ɗaya, sutura ce kawai ta bambanta.

5.0 "Silver Springs": Ta Bakin Ɗaya Ɓangaren

Fleetwood Mac ƙungiya ce ta haɗin gwiwar 'yan Ingila da 'yan Amurka. Faifansu Rumours na 1977 yana cikin waɗanda suka fi ciniki a tarihi, kuma an yi shi ne a daidai lokacin da soyayyar Stevie Nicks da Lindsey Buckingham, dukansu mawaƙan ƙungiyar, take wargajewa. Buckingham ya faɗi nasa a "Go Your Own Way", waƙa mai zafi da zargi. Nicks ta tsara "Silver Springs", sunan da ta samo daga allon wani gari a jihar Maryland. Da aka zo tsara faifai sai aka cire ta bisa dalilin tsawo, aka maye gurbinta da wata gajeriyar waƙarta, "I Don't Want to Know". Ita kuwa "Silver Springs" aka tura ta bayan ƙaramin faifan "Go Your Own Way" ɗin kansa. Mai ƙara a fuska, amsar wadda ake ƙara a baya.

Zubin waƙar hawa ne daga ƙasa zuwa sama. Takan fara a tausashe bisa fiyano, da hoton abin da zaman nasu zai iya zama da ya ɗore. Sannu a hankali murya na ƙara ƙarfi, roƙo na juyewa zuwa tambayar kishi, har a ƙarshe ya zama alwashi, cewa muryarta za ta bi shi duk inda ya shiga. Kuma alwashin ya tabbata a zahiri, domin shi wanda ake yi wa ne ke kaɗa jitar waƙar.

A nan cirewar ta taɓa ma'anar faifan baki ɗaya. Abin da ya rage na Nicks kan rabuwar, musamman "Dreams", murya ce ta dangana da nasiha. Mai sauraron Rumours na 1977 ya ji namiji yana fushi, mace tana haƙuri, alhali fushin macen yana nan, an dai ajiye shi a inda ba a cika juyawa ba. Alƙali ba ya yanke hukunci da jin ta bakin mutum ɗaya, haka ma mai tarke. Sai a 1997, a wasan sake haɗuwarsu mai suna The Dance, Nicks ta rera ta tana fuskantar Buckingham ido da ido, duniya ta san da ita, aka kuma shigar da ita cikin Rumours a bugun 2004.

6.0 Rarrabe Aya da Tsakuwa

Kada a ɗauka muna cewa duk abin da ya ɓuya ya fi abin da ya bayyana. Akwai wata ɗabi'a a tsakanin masoya kiɗa, ta raina waƙa don kawai jama'a na son ta, da kambama wata don kawai ba a san ta ba. Wannan tinƙaho ne, ba tarke ba. A bayan "Bohemian Rhapsody" akwai "I'm in Love with My Car" ta Roger Taylor, makaɗin gangar Queen. Ya dage ne sai an sa ta a nan, kuma da yake kason cinikin faifai na marubucin baya daidai yake da na marubucin fuska, lamarin ya jawo gunaguni a ƙungiyar. Waƙar tana da ƙarfin ganga, amma jin ta bai ƙara mana komai a fahimtar wadda take goye da ita ba. A ma'auninmu ba ta kai ba.

Haka kuma suna ba abu ne tsayayye ba. "Here Comes the Sun" ta Harrison ba a fitar da ita a ƙaramin faifai ba lokacin da Abbey Road ya fito a 1969, amma a 2023 ita ce waƙar Beatles ta farko da aka saurara sau biliyan ɗaya a Spotify. Da hanyar isa ga kunne ta sake, sai jerin gwanayen ya sake. Sai dai intanet ɗin ma yana da nasa maimaicin, domin waƙar da ta fi yawan masu ji ita ake fara nuna wa sabon mai nema.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa tsawon faifai, da siyasar ƙungiya, da maimaicin rediyo su ne suka ɓoye waƙoƙi da dama. Mun ga "Rain" ta nuna mana hanyar da Beatles suka bi, "'39" ta tona jigon da ƙawar Queen ta lulluɓe, "Silver Springs" kuma ta cike shaidar da Rumours ya rage. Kiranmu ga ɗalibai shi ne, duk fasihin da za su yi nazari, mawaƙi ne ko marubuci, na gida ko na waje, su tambayi kansu wane ne ya zaɓa musu abin da suka sani nasa, kuma da wane dalili. Kafin a rubuta cewa jigon wane kaza ne ko salonsa kaza ne, a juya faifan tukuna a ji abin da ke bayansa.