Jinjina ga masu saƙar tabarma a Gaya

Duniya ta san Kashan, garin bakin hamada a Iran, da darduma saƙar hannu. Mu kuwa a Gaya ta Nijar, matan da ke saƙa tabarma ne suka cancanci yabo. Kaba da ganyen giginyar Dallol Mauri su ne jarinsu. Sai an yanko, an shanya, an tsaga siri-siri, an rina wani ja wani kore, sannan a yi doguwar saƙa a ɗinke gefe da gefe. Aiki ne mai cin yatsu da ƙugu, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Tabarmar roba ta cika kasuwa har tsallaken gada a Malanbil ta ƙasar Benin, amma da bazara ba ta kai tasu sanyin kwanciya ba. Sannunku da aiki, iyayenmu mata!