Kunnenka naka ne ko na abokanka?

Ya kai mai karatu, ina da tambaya guda. Ɗauko salularka, ko ta ɗanka in kai ba ka da ita. Duba waƙoƙin da ke ciki. Wa ya zaɓe su? Za ka ce kai ne. To, mu bi sawu mu gani.

Mu mutanen karkara ba mu zaɓen waƙa ɗaya ɗaya. Ranar kasuwa kana kai ɗan katin salula wurin mai caji, ka ba shi ƴan daloli, ka ce ya zuba maka waƙoƙi. Shi kuwa abin da samari sunka fi tambaya a makon nan shi yake zubawa. Samarin kuma abin da sunka ji a fada, wurin shan shayi, shi sunka tambaya. A fada kuma wani ne ya dawo daga Maraɗi ko daga Kano, ya ce wagga ita ake yayi. Kamin waƙa ta iso kunnenka ta bi hannu huɗu ko biyar, kuma ba a tambaye ka ba ko sau guda.

Wanga abu ba yau ya fara ba. Ni ma ya same ni.

A shekarun 1980, ina saurayi, na tafi cin rani Maraɗi. Cikin jakata akwai kaset guda na Ɗan Maraya Jos. Ina son kaset ɗin nan ƙwarai. A gida na kan sayi pil musamman don shi. Samarin da na sauka wurinsu ƴan birni ne. Su kiɗan Kwango suke saurare, da waƙoƙin finafinan Indiya. Daren farko na sa kaset ɗina a radiyonsu. Ba a yi minti biyu ba wani ya ce: «Kai baƙauye, cire muna wanga kiɗan tsofaffi.» Kowa ya fashe da dariya. Na cire shi, na tura shi can ƙasan jaka, ƙarƙashin riguna. Da na samu kuɗin aikina na farko sai na sayi kaset ɗin Kwango. Ko kalma guda ban ji ba cikin abin da suke faɗi.

Kada in yi ma mutanen Kwango ƙarya. Jitarsu na da daɗi. Franco, wanda ya rasu a 1989, gwani ne na gaske, kuma daga baya na so kiɗanshi da zuciya ɗaya. Amma ranar da na sayi kaset ɗin ban san da haka ba tukuna. Don kar a sake ce mini baƙauye na saye shi.

Yanzu duba abin da na ɓoye a ƙasan jaka. Ɗan Maraya ba ya da ƴan amshi, ba ya da makaɗa a bayanshi. Shi kaɗai ne da kuntiginshi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya guda. Da abin nan ya yi waƙar Karen Mota. Wa ya taɓa tunanin yi ma karen mota waƙa? Yaron da ke shigar da fasinja, ya canza taya, ya tura mota in ta mutu a hanya, kowa na yi mishi tsawa. Makaɗan fada sarki suke yi ma waƙa. Wasu makaɗa masu kuɗi suke bi. Shi kuwa ya duba ƙasa, ya ga yaron nan, ya sa shi cikin waƙa. Da yake kiɗan ba ya da yawa, ba abin da ke rufe magana. Kowace kalma tana fitowa sarai. In maganar ba ta da nauyi, nan take za ka gane, don babu ganga ko jita da za ta ɓoye ta. Shi ya sa na ce Ɗan Maraya ya zaɓi hanya mai wuya, kuma ya iya ta. Ya rasu a 2015. Har yanzu in an sa waƙar nan a tasha, za ka ga yaran mota sun yi tsit.

Wani abu ma: samarin nan da sunka yi mini dariya, biyu daga cikinsu yaran mota ne. Waƙarsu ce sunka ce in cire.

Tun daga lokacin na ga yayi iri iri ya zo ya wuce. A zamanin Seyni Kunce, daga 1976 da anka fara wasannin matasa na ƙasa a Damagaram, waƙoƙin samariya ne a bakin kowa. A 1987 anka buɗe gasar kiɗan zamani da ke ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, sai masu jita sunka samu fili. A 1999 fim ɗin Sangaya ya fito a Kano, waƙoƙin finafinai masu kiɗan fiyano sunka mamaye kasuwanninmu. Kowane yayi in ya zo, sai a ce na jiya ya zama ƙauyanci.

Wanda ya fi ba ni tunani shi ne yayin rap. Wajen shekara ta 2000 ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Kaidan Gaskia da Wass-Wong sunka tashi a Yamai. Lokacin kuwa fada ta riga ta yaɗu a garuruwanmu. Kowace fada da sunanta a jikin bango, da butar shayinta, da radiyonta. Sai kowace fada ta kama ƙungiya guda ta ce ita ce tata. In kana zama a fadar nan, tilas ka so ƙungiyar nan. In ka ce ta wancan gefe ma ta iya, sai a dube ka kamar ka ci amana. A unguwarmu na ga samari biyu, tare anka yi musu kaciya, sun yi wata guda ba su gaisawa saboda gardamar wace ƙungiya ta fi.

Abin takaici, yaran nan masu rap sun faɗi magana mai amfani. Da Hausa da Zabarmanci sunka yi waƙa a kan rashin aiki, da cin hanci, da ciwon sida, da auren dole. Waɗannan abubuwa ne da makaɗan da ba su cika taɓawa ba. Amma mutane da yawa ba maganar sunka riƙe ba. Sunan ƙungiya sunka riƙe, da babban wando, da hula a karkace. Samarin nan biyu yau magidanta ne, kowa da ɗiyanshi. Kwanan baya na tambayi ɗaya ya faɗa mini abin da ƙungiyarshi ke cewa a waƙa guda. Ya yi ta sosa kai, ya ƙare da dariya. Wata guda na gaba da amininshi, amma baiti guda bai zauna mishi ba.

Ina jin mun ɗauko halin filin kokowa ne mun kai wurin da ba nashi ba. Tun 1975 da anka fara kokowar takobi a Tawa, kowa na bayan ɗan kokowar jaharshi. Wannan daidai ne. A kokowa akwai kaye. Mutum biyu sun kama, ɗaya ya taɓa ƙasa, kowa ya gani, magana ta ƙare. A waƙa babu kaye. In ka so mawaƙi biyu, ba wanda ya faɗi. Kunne ba ya cika kamar rumbu, da za a ce sai an fitar da tsohon hatsi kamin a zuba sabo.

Kada ka ce tsoho ne ke kukan zamaninshi. Tsofaffi ma suna da irin tasu fada. Akwai wanda zai ce maka shi bayan Shata ba ya sauraren kowa. Wanga ma makanta ce. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, babban mawaƙi ne. Muryarshi da kalangun makaɗanshi ba su da na biyu, kuma Bakandamiya waƙa ce da za a daɗe ana ji. Amma cikin tarin waƙoƙinshi akwai da yawa da yabon mai kyauta ne kawai, wane ɗan wane ya ba da mota, wane ya ba da riga. In ka cire muryar, abin da ya rage kaɗan ne. Kuma ka tuna, Shata ma yayi ne a farkonshi. A dandalin samari da ƴan mata ya fara, kuma mahaifinshi bai so ya yi waƙa ba. Abin da dattijo ke kira kiɗan gargajiya yau, jiya shi ne kiɗan yaran banza.

Haka nan cikin sabbin akwai masu kyau. A 2020, lokacin da cutar korona ta tsare mutane a gida, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta kama ko'ina. Matan aure sunka riƙa yi ma mazansu rawarta, wasu malamai sunka yi faɗa. Na zauna na saurare ta ni kaɗai, sau da yawa. Karin muryarta na kama zuciya. Kuma ta yi abin da tsofaffin makaɗa ba su cika yi ba, wato namiji ya gaya ma mace kalmomin so a fili, ba kunya. Wannan na yaba. Abin da ban yaba ba shi ne ɗaruruwan waƙoƙin da ke tafiya a hanya guda da ita. Kiɗa guda ne na na'ura, ana ta maimaita shi. Murya kuma an bi da ita cikin kwamfuta an goge ta, har ba ka rarrabe wane da wane. In mai caji ya zuba maka hamsin, da wuya ka samu biyar da za ka tuna bayan damina. Sauran saboda abokai kake jin su, in abokai sun bari kai ma ka bari.

To, mene ne laifi in mutum ya bi yayi? Ai ba kuɗin kowa ya ci ba. Yayi kanshi ba laifi ba ne. Shi ke kawo maka abin da ba ka sani ba, kamar yadda ya kawo mini Franco. Ɓarnar tana wurin abin da yake sa ka yar. Kuma akwai wanda ke biyan kuɗin wagga ɓarna.

Duba garinku. Da, in za a yi biki ko suna, ana kiran mai kalangu, ko mai goge, ko mai gurmi. Da abin da ya samu a nan yake ciyar da gidanshi, yana koya ma ɗanshi. Yanzu a garuruwa da yawa ango na jin kunyar abokanshi. Sai ya yi hayar manyan lasifika da injin wuta, a sa waƙoƙin salula. Ba don ya ƙi kalangu ba. Sau da yawa shi da kanshi in ya ji kalangu ƙafarshi na motsi. Tsoro yake kar a ce bikinshi na ƙauye ne. Makaɗi ya rasa biki guda, ya rasa biyu, ya rasa goma. Ɗanshi ya ga ba ci a sana'ar, ya tafi Agadas ko Libiya neman kuɗi. Ran da tsohon ya rasu, sai a rataye kalangun a bango, fata ta bushe, gara ta ci icen.

Wanga ba tatsuniya ba ce. Ya kusa faruwa da wani abin kiɗa a ƙasarmu. Sunanshi biram. Na Buduma ne, masuntan tafkin Cadi. Yana da tsirkiya biyar, kuma siffarshi kamar jirgin ruwa. Matasa sun bar shi har ya rage tsoho guda da ya iya shi sosai, Bukar Tar. Malam Maman Barka, mutumin Tesker, mushen lakwal ne da ya yi suna da kiɗan gurmi. A 2002 ya tafi wurin tsohon nan, ya zauna ya koya. Da tsohon ya rasu, biram ya rage a hannun Maman Barka. Ya kai shi har ƙasashen Turai, ya yi faifai da shi a 2009. Shi ma ya rasu a 2018. Ka lura, lokacin da ya tafi bakin tafki, rap da waƙoƙin fim ake yayi. Ba abokin da zai ce mishi ya yi dabara. Da ya tsaya jiran yardar fada, da bai tafi ba.

Ga abin da nake yi yanzu, in kana so ka gwada. In waƙa ta zo da yayi, ba na yabonta a cikin taro, ba na kushe ta. Ina tafiya da ita gona. Can ba mai dariya, ba mai tafi. In saurare ta ina noma. In na dawo gida in tambayi kaina me mawaƙin ya ce. In na iya gaya ma uwargida abin da ya ce da bakina, to akwai magana ciki. In ban iya ba, amma kiɗan ya sa na ƙare kunya biyu ban gaji ba, wannan ma wani amfani ne, sai in bar ta don kiɗan. In babu ko ɗaya, in share ta, ko da duk gari na rawarta. Tsohuwar waƙa ma haka nake yi mata. Ba na barin ta don tsufanta kawai.

Kaset ɗin nan nawa na Ɗan Maraya ban sake jin shi ba. Ya daɗe a ƙasan jaka, zafi ya lalata zaren. Bara ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni, salularshi na kiɗa a aljihu. Sai na ji kuntigi. Na ce: «Kai, ina ka samo wagga?» Ya ce: «Kawu, ai wani abokinmu ne ya dawo daga Damagaram. Ya ce can manyan yara tsofaffin waƙoƙi suke ji yanzu. Duk fadarmu mun zuba.» Na ce ya tura mini ita a tawa salula. Ya tura.