Kiwo da Ido: Gwanintar Masu Renon Karen Border Collie

A tsaunukan da suka raba Ingila da Sukotlan, makiyayi ɗaya kan riƙe ɗaruruwan tumaki, kuma ba bin su yake yi da sanda ba. Tumakin can, irin su Cheviot da Blackface, a warwatse suke wuni, a warwatse suke kwana, kowace da gefen dutsen da ta saba da shi. Ranar da za a tattaro su don a aske musu ulu ko a yi musu allura, sai mutumin ya tsaya a gindin tsauni ya yi fito. Kare baƙi mai farin wuya ya cilla da gudu har ya ɓace wa gani. Can an jima sai ga tumaki suna gangarowa, biyu nan, goma can, suna haɗuwa har su zama garke guda, karen na biye da su a sunkuye, ba haushi ba cizo. Sunan wannan irin kare Border Collie. Wanda ya ga aikinsa yakan yaba wa mai fiton, kuma ya cancanta. Amma akwai wani gwanin da ba a gani a filin, wato wanda ya zauna shekaru uku ko huɗu kafin ranar ya yanke shawarar wace karya za a haɗa da wane kare.

Mu a nan ba haka muka san karen makiyayi ba. Bafulatani shi ke shiga gaba, shanu su bi muryarsa, kare kuwa gadi ne aikinsa, kamar yadda dogon karen nan na Azawak yake tsaron zangon Buzaye a Nijar da Mali. Shari'a ma da ta ba da izinin ajiye kare saboda dabbobi da farauta da gona, yawancinmu tsaro muke kawowa a rai. Shi Border Collie ba mai gadi ba ne. Aikinsa sarrafa garke: ya ɗauko, ya kora, ya raba, ya tsare ƙofa.

Abin da yake yi ɗin farauta ce da aka datse kafin ta kai ƙarshe. Masu nazarin halayyar karnuka, irin su Raymond Coppinger na Amurka, sun lura cewa kyarkeci yana bin mataki-mataki in zai kama nama: ya hango, ya kafa ido, ya yi sanɗa, ya bi da gudu, ya cafke, ya kashe. A jikin karen kiwo an ƙarfafa kafa ido da sanɗa da zagaye, an raunana cafka da kisa. Tunkiya tana ganin dabbar da ta sauke kai ta zuba mata ido, jikinta ya gaya mata maƙiyi ne, sai ta matsa wajen 'yan uwanta. Da wannan tsoron ake tuƙa garken. Ba a koya wa kare kafa ido, da shi ake haifarsa. Mai horarwa yana ɗora umarni ne kawai a kan abin da ya tarar: fito ɗaya na zagayawa ta dama, wani na hagu, wani na kwanciya, wani na tahowa a hankali.

To a nan wahalar take. Idon nan in ya yi yawa, kare yakan ƙame a gaban tumaki ya ƙi motsi, kana fito yana kallo. In ya yi kaɗan, sai ya riƙa rawar kai yana watsa su. In ƙarfin zuciya ya gaza, tunkiya mai jego za ta juyo ta buga ƙafa a ƙasa, ya ja da baya, kuma daga ranar duk garken ya raina shi. In zafin ya wuce kima, sai ya kai baki. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake gani a launin gashi ko tsayin kunne. Mai fitar da iri yana auna abubuwan da ba sa hawa sikeli, kuma ba ya iya ganinsu sai a bayan tumaki.

Labarin da masu wannan sana'a suka fi so shi ne na Adam Telfer, wani makiyayi a yankin Northumberland. Yana da karya mai suna Meg, baƙa, mai tsananin ido, marar sakin jiki. Yana kuma da kare mai suna Roy, mai sanyin hali da son mutane, amma idonsa sako-sako. Kowannensu shi kaɗai da sauransa. Telfer ya haɗa su, a 1893 aka haifi Old Hemp, karen da ya riƙa aiki shiru, tumaki na bin nufinsa ba tare da firgita ba, a zamanin da karnukan kiwo da yawa da hayaniya suke kora. Makiyaya suka yi ta kawo masa karyoyinsu, har ana ƙiyasta 'ya'yansa sun kai 200 kafin ya mutu a 1901. A yau shi ake kira uban wannan iri. Abin da ya burge ni a labarin shi ne Telfer bai nemi biyu masu kama da juna ba. Ya san abin da kowanne ya rasa, ya nemo shi a jikin ɗayan. Har gobe haka gwanaye suke yi, suna kuma sane da cewa lissafin kan juye, kwikwiyo ya kwaso taurin uwa da sakacin uba. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wanda ya daɗe yana haɗa karnuka ya ga 'ya'yan zakaru da suka girma ba su ko ɗaga kai su dubi tunkiya ba.

Saboda haka ake buƙatar wurin gwaji. Gasar karnukan kiwo da aka fi ambata a matsayin ta farko a Birtaniya an yi ta a Bala, ƙasar Wales, a 1873. A 1906 aka kafa ƙungiyar International Sheep Dog Society, wadda ke riƙe da littafin asalin waɗannan karnuka, kuma sakatarenta James Reid ne ya fara amfani da sunan Border Collie a 1915. Gasar ba wasa ba ce, aikin tsauni ne aka taƙaita a fili guda. Ana ajiye tumaki biyar a nisan yadi 400. Kare zai fita daga ƙafar mai shi ya yi zagaye mai siffar gora, tsukakke a wuya mai faɗi a gindi, don kada tumakin su ankara da shi sai ya isa bayansu. Sai ya ɗan dakata, ya tashe su a natse. Wannan 'yar daƙiƙar ita masana suka fi zuba wa ido, domin a nan tumaki ke karanta karen, su yanke ko za su bi shi ko za su gwada shi. Daga nan ya kawo su a miƙe ta tsakanin ƙofofi, ya sake kora su nesa da mai shi, abin da ya saɓa wa ɗabi'arsa ta tattarowa, ya taimaka a ware wasu daga ciki, a ƙarshe a shigar da su ɗan shinge. Karen da ya ciji tunkiya ba dalili, an fitar da shi. A zagayen ƙarshe na babbar gasar shekara nisan yakan kai yadi 800, tumaki 20 ne a rukuni biyu, kuma bayan kare ya kawo goman farko sai a umarce shi ya bar su ya juya baya ya nemo sauran da bai gani ba. Mai neman uban da zai haɗa da karyarsa yana tsaye a bakin filin nan, kuma ba lallai wanda ya ci kofi yake kallo ba. Yana iya zaɓar na bakwai, don ya ga yadda ya tsaya wa wata tunkiya mai taurin kai bai ja ba bai kuma kai baki ba.

Ƙungiyar ba ta da ƙa'idar kamanni. Mai dogon gashi da mai gajere, mai tsayayyen kunne da mai lanƙwasasshe, duk ɗaya ne a littafinta, har karen da ba shi da takardar asali ana iya shigar da shi in ya nuna aiki a gaban masu gwaji. Da ƙungiyar American Kennel Club ta karɓi irin cikin masu gasar kyan gani a 1995, makiyayan Amurka da yawa sun yi adawa ƙwarai. Hujjarsu, wadda nake ganin tana da ƙarfi, ita ce duk abin da aka daina zaɓe a kansa, a hankali yake zubewa. In an yi zuriya biyar ana duba sheƙin gashi, gashin zai yi kyau, zagayen kuwa sai dai a ba da labari.

Sai dai ido da gasa ba su isa ba, domin akwai abin da ke ɓoye a jini. Akwai wata cutar ido ta gado da ke damun karnukan collie, wadda kan rage gani, wani lokaci har ta makantar. Ba ta bayyana sai kwikwiyo ya gaji ƙwayarta daga uwa da uba duka. Kare na iya ɗauke da ƙwaya ɗaya yana gani garau. In aka haɗa masu ɗauke da ita biyu, kowane kwikwiyo yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na kamuwa. Yanzu da ɗan yawu ko jini ake gane mai ɗauke da ita a ɗakin gwaji. Wanda bai ƙware ba, da ya ji sakamako sai ya ce a cire duk mai ɗauke da ƙwayar daga layi. Gwani ba ya haka. Ya san in ya haɗa mai ɗauke da ita da wanda ba shi da ita sam, ba kwikwiyon da zai kamu, kuma bai zubar da basirar da aka yi shekaru ana tarawa ba. Yawan cirewa yana tsuke jini, tsukakken jini kuwa shi ke fito da wasu cututtukan da ba a ma san da su ba. Haka yawan rububin uba ɗaya. Wiston Cap, wanda ya ci babbar gasa a 1965, wanda kuma hotonsa a sunkuye shi ne tambarin ƙungiyar International Sheep Dog Society, an yi amfani da shi sosai har da wuya ka buɗe takardar asalin kare a yau ba ka tarar da shi a wani reshe ba. Mai hankali yakan bi takardun nan zuriya-zuriya kafin ya haɗa, don kada ya aurar da 'yan uwa na kusa bai sani ba.

Akwai kuma hoton ƙugu da likitan dabbobi ke ɗauka don a ga ko gaɓar ta zauna daidai. Akwai launin nan mai dabbare-dabbare da masu saye ke rububi, wanda in aka haɗa biyu masu shi, kusan rubu'in 'ya'yan kan zo da haɗarin kurumta ko makanta, don haka mai mutunci ba ya haɗawa ko nawa za a biya. Farfaɗiya ta fi duka wuyar sha'ani, domin ba ta da gwaji guda da zai nuna ta, kuma takan ɓullo bayan kare ya girma, wataƙila har ya riga ya haifa. Maganinta kawai gaskiya tsakanin masu sana'a: mutum ya buga waya ya ce ɗan karyata ya faɗi, ku sani, ko da hakan zai karya farashin layinsa.

Ita karyar ma tana da haƙƙi. Ba a haɗa ta sai ta gama girma ta kuma nuna aikinta, abin da kan kai ta shekara biyu ko fiye. Cikinta kwana 63 ne, ko kusa da haka, kuma tsakanin ciki da shayarwa makiyayi ya yi asarar ma'aikaciyarsa na watanni, don haka yakan lissafa kada haihuwar ta faɗo lokacin da tumaki ke zuba 'ya'ya. Ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya ba ta rajistar fiye da haihuwa huɗu daga karya ɗaya. 'Yan kwikwiyo suna zama da uwa har mako takwas, a ba su maganin tsutsar ciki, a saba musu da hannun mutane da ƙarar tarakta da kukan tumaki, kuma tun 2016 doka a Birtaniya ta wajabta a sa musu 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin su bar gida.

Sannan a zo ga mai saye, kuma a nan ne na fi jinjina wa mutanen nan. Tun da Stanley Coren ya sa Border Collie a sahun farko na karnuka masu basira a littafinsa na 1994, aka kuma ji labarin Chaser, karyar da ta haddace sunayen kayan wasa 1,022 a hannun John Pilley a Amurka, mutanen birni suka ɗauka kare mai wayo shi ne mai sauƙin riƙo. Ba haka ba ne. Karen da aka gina don ya wuni yana gudu yana yanke shawara, in aka kulle shi a ɗaki, zai nemo wa kansa garke. Zai kafa wa inuwa ido, ya zagaye yara, ya bi keke da mota, a ƙarshe a ce ya lalace. Shi ya sa mai fitar da iri na ƙwarai yake tsare mai saye da tambayoyi: ina za ka ajiye shi, wane aiki ka tanadar masa, awa nawa zai zauna shi kaɗai? Yakan hana mai kuɗi ya ba wanda ya fi dacewa, ya kuma yi alkawarin karɓar karen in zama ya ƙi, ko bayan shekara nawa ne. Ba don sana'ar ba ta da kuɗi ba. A 2020, a kasuwar Skipton, an sayi wata horarriyar karya mai suna Megan a kan fam 18,900, aka tafi da ita Amurka.

Sakamakon haɗin da ya yi kuwa ba ya samunsa da wuri. Wani kwikwiyon tun yana wata uku yake sunkuya wa kaji, wani sai ya kusa shekara kafin abin ya motsa masa. Horo na sosai yakan fara ne wajen shekara guda, kuma kare ba ya cika ma'aikaci sai ya kai uku ko huɗu. Duk tsawon lokacin nan mai karyar yana bibiyar gidajen da 'ya'yanta suka tafi, yana tambayar yadda wannan ke zagaye, ko wancan yana tsaya wa rago, ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa. Da abin da ya ji ne zai san ko ya sake kai ta wurin uban nan, ko ya nemi wani, ko kuma ya bar ta ta ci gaba da aikinta a tsauni ba tare da ta ƙara haihuwa ba.