Gwanayen da Suka Gano Siffar Furotin

Kowane furotin da ke jikin mutum jerin amino asid ne, ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Amma galibi jerin ba ya aiki sai ya naɗe ya ɗauki siffarsa ta musamman, mai tsawo da faɗi da zurfi. Wannan naɗin ne ke ba hemogulobin, furotin da ke cikin jini, ikon ɗauko oksijin daga huhu ya raba wa sassan jiki.

Gano irin wannan siffa gwaninta ce da ke neman haƙuri matuƙa. A 1937 Max Perutz, ɗan asalin Ostiriya, ya soma aikin a Jami'ar Kambirij ta Ingila da hemogulobin na jinin doki. Sai an tace furotin, an lallaɓa shi har ya daskare ya zama kiristal, sannan a harba masa hasken eksire. Hasken ya watse, ya bar dubban ɗigo a kan fim. Daga duhun kowane ɗigo da inda ya faɗa ake lissafo mazaunin ƙwayoyin zarra.

Sai dai ɗigon ƙarfin haske kawai yake nunawa, ba ya faɗin yadda igiyoyin hasken suka hau kan juna, wato rabin bayanin ya ɓace. A 1953 Perutz ya maƙala wa furotin ɗin zaiba, ya kwatanta hoton mai zaiba da marar zaiba, bambancin ya cike giɓin. Da wannan dabara wani masani, John Kendrew, ya fitar da siffar wani furotin mai suna mayogulobin a 1958, Perutz kuma ya kammala ta hemogulobin a 1959, bayan shekara 22. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta 1962.

Duk gidan da ke da mai sikila ya san nauyin wannan ilimi. Canjin amino asid guda a bayan hemogulobin ke sa ƙwayoyinsa su manne da juna idan sun saki oksijin, su miƙe, su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma siffar lauje.

Yau manhajar AlphaFold na hasashen siffar furotin cikin ɗan lokaci. Abin da ta sani kuwa, ta koye shi ne daga dubun dubatar siffofin da masana suka gano ɗaya bayan ɗaya, suka adana wa duniya kyauta tun 1971.