Muryar Mace a Cikin Ƙarar Inji: Tsokaci a Kan Faifan République Amazone

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tsokaci ce a kan faifan République Amazone, wanda ƙungiyar mawaƙa mata ta Les Amazones d'Afrique ta fitar a shekarar 2017. Ɗalibi na iya tambaya, me ya haɗa ajin Hausa da faifan da aka rera da Bambaranci da Faransanci da Ingilishi da harshen Fon? Amsar ita ce, matsalar da ke cikin faifan ta riga ta iso ƙofar gidanmu. Tun da fiyano ya shiga sutudiyon Kano a shekarun 1990, kwamfuta kuma ta biyo baya, mai haɗa sauti ya sami ikon da makaɗin gargajiya bai taɓa samu ba. In ya so ya ɗaga muryar zabiya, in ya so ya danne ta. Abin da za a duba a nan shi ne makomar kalma idan aka ɗora muryar mace a kan ƙarar ƙarfe.

Tunanin rubuta takardar a Malanville ya zo mini. Garin yana arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin kogin Kwara, yana fuskantar Gaya ta Nijar, gada ce kawai tsakaninsu. Na sauka can a 2019, wato kafin rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Dandawa ne masu gari, amma Hausa na ci sosai a kasuwa, musamman wajen 'yan albasa da 'yan hatsi. Ina zaune a rumfar wata dattijuwa mai tuwo, injin markaɗe na ruri a bayanmu, sai na kunna mata waƙar "Dombolo" a wayata, na ce 'yar ƙasarsu ce ke rerawa, Angélique Kidjo. Ta saurara jim kaɗan, ta ce, "Malam, wannan ai injin can ne aka sa mace a ciki. To me take cewa?" Na ce, "Inna, ni ma ban ji ba." Ban karanta sharhin da ya fi nata kama bakin zaren ba.

2.0 Tushen Salon

Koguna biyu ne suka haɗu a wannan salo. Na farko shi ne abin da za mu kira kiɗan masana'anta. Sunan ya samo asali daga kamfanin faifai na Industrial Records da ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa a Ingila a 1976. 'Yan Einstürzende Neubauten na Jamus, waɗanda suka fara a 1980, tarkacen ƙarfe da na'urar huda bango suke kaɗawa. Daga baya Nine Inch Nails ta Amurka ta gauraya wannan ƙara da jitar rok a faifanta na farko na 1989. Galibi maza ne a gaba, kuma ihu ya fi rerawa yawa.

Na biyu shi ne tirip-hop, wanda ya tsiro a birnin Biristol na Ingila: Massive Attack da faifansu Blue Lines a 1991, Portishead da Dummy a 1994, Tricky da Maxinquaye a 1995. Kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, mai kaurin sauti, kuma sau da yawa muryar mace ce a samansa, irin ta Beth Gibbons ko Martina Topley-Bird. Da kogunan suka haɗu sai aka sami ƙungiyoyi irin su Garbage, da Shirley Manson a gaba, da Collide ta Amurka. Lokacin da nake karatu a Ingila, maƙwabcin ɗakina ba ya kwana sai ya sa Mezzanine na 1998. Na yi wata shida ina jin haushinsa kafin kunnena ya saba.

Les Amazones d'Afrique ba su kira kansu 'yan wannan salo ba. An kafa ƙungiyar a Bamako a 2014, da Mamani Keïta da Oumou Sangaré da Mariam Doumbia a sahun farko, kuma manufarsu yaƙi da cin zarafin mata. Wanda ya shigar da su wannan fage shi ne mai haɗa musu sauti, Liam Farrell, da aka fi sani da Doctor L, ɗan asalin ƙasar Ailan wanda ya yi suna a hip-hop na Faransa, ya kuma yi aiki da Tony Allen. Kamfanin Real World na Peter Gabriel ne ya fitar da faifan.

3.0 Ƙarar Aiki da Waƙar Mata

Kuskure ne a ɗauka cewa ɗora muryar mace a kan ƙarar kayan aiki baƙon abu ne ga Bahaushe. Waƙoƙin daka da na niƙa da na daɓe duk a kan wannan aka gina su. Turmi da taɓarya su ne kalangun, dutsen niƙa shi ne gurmin. A lugude, mata biyu ko uku ke sauke taɓarya bi-da-bi, har a cilla ta sama a tafa kafin a cafe. A kiɗan amada kuwa, ƙwaryar da ake tankaɗe a cikinta ita ake kifewa a kaɗa, kamar yadda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shahara da shi. Ashe kiɗan masana'anta na matan Hausawa ya girmi na Turai, sai dai masana'antar tsakar gida ce.

Amma akwai sharaɗi guda da waɗannan waƙoƙi ba su taɓa karyawa ba. Kiɗan yana barin gurbi. Tsakanin saukar taɓarya da ɗagawarta akwai ɗan shiru, a nan mai daka ke jefa habaicinta, domin so take kishiya ta ji daga ɗakinta, uwar miji ma ta ji. Habaicin da ba a ji ba ya tashi a banza. Haka Barmani: turkenta na sana'a da haihuwa da zaman kishi a fili yake, ƙore na bin bayan magana, 'yan amshi na maimaita gindin waƙa har ya zauna a kunne. Injin niƙa ba ya barin irin wannan gurbi, shi ya sa da ya shigo gari bai haifi waƙa ba, kashe wadda ya tarar ya yi. Ban taɓa ganin yarinya a layin markaɗe tana waƙa ba, sai dai magana da hannu.

4.0 Hukunci a Kan Faifan

A "Dombolo", Doctor L ya zaɓi inji a kan turmi. Gangunan an gurɓata sautinsu da gangan har suna tsatsa kamar lasifikar da ta fashe, an kuma cusa muryar Kidjo a tsakiyarsu maimakon a samansu. A matsayin kiɗa, waƙar ta yi armashi, ba na musun wannan, don ƙafa ba ta zama wuri ɗaya in ana sa ta. Kidjo kuma murya gare ta mai huda bango. Amma a matsayin waƙa mai saƙo, an mayar da jagora ɗaya daga cikin kayan kiɗa. Ga mai sauraro a Landan, wanda da ma ba jin harshen zai yi ba, babu asara, zai karanta manufar a bayan faifai. Asarar ta matan da aka ce domin su aka yi ce. Faifan da ke kukan an hana mata magana bai kamata ya bar namiji guda a sutudiyo ya yanke yawan abin da za a ji daga bakinsu ba.

"La Dame et Ses Valises", wadda Nneka 'yar Warri ta jagoranta, ta fi kusa da tirip-hop, kuma a ganina ta fi cin nasara. Kiɗan ya lafa, akwai sarari tsakanin bugu da bugu, kowace kalma na sauka da ƙafarta. Wannan shi ne gurbin lugude a cikin sabuwar riga.

Ga mai nazarin Hausa, batun ya wuce na ɗanɗano. Abubuwa uku ke rarrabe ma'ana a harshenmu waɗanda ƙara ke fara cinyewa. Akwai tsawon wasali, kamar garin da ake zama da garin tuwo. Akwai karin sauti, kamar kukan yaro da kukar miya kafin a liƙa musu mahaɗi, ɗaya sama-sama, ɗaya sama-ƙasa. Sai kuma baƙaƙe masu ƙugiya. Kiɗa mai jan jiki yana taimakon na farko, domin gaɓa mai nauyi na samun wurin miƙewa. Na biyu yana shan wuya a hannun Auto-Tune, manhajar da ta fito a 1997 ta kuma mamaye waƙoƙin finafinanmu, saboda tana tsinka lanƙwasar murya ta mayar da ita matakala. Na uku shi ne ya fi rauni a gaban gurɓataccen sauti. Na taɓa naɗar muryar wata ɗaliba tana faɗin "tana daka" da "tana ɗaka", na ɗora ƙarar inji a kai, na sa wa aji. Karin sautin jimlolin iri ɗaya ne, ƙugiyar ce kawai bambanci, sai aka koma canki-canka. Ɗaya na nufin mace tana tsakar gida tana aiki, ɗaya na nufin tana cikin ɗaki ba a ganinta.

Ɗalibin da zai ɗauki wannan a matsayin aikin zango sai ya zaɓi waƙar amada guda da waƙar fim guda ta zabiya irin Fati Nijar, ya rubuta baitocin kowace da kunne kawai, sau ɗaya, ba tare da maimaitawa ba, ya ƙirga gurabun da ya bari, sannan ya duba wane irin sauti ne ya fi ɓace masa da kuma abin da kiɗan ke yi a daidai wurin.