Taya Ita Ce Alƙalin Wasan Tseren Mota

Ranar Alhamis, in kasuwar shanun Bogo a Kamaru ta cika, masu faci na bakin hanyar Marwa ba su samun zama. Babur zai tsaya da mutum uku da buhu a baya, mai faci ya ɗora bayan hannunsa a kan taya, ya janye da sauri, ya ce da ɗan kilandon, "Ƙanena, bari ta huce tukuna, in an gwada iska yanzu geji ƙarya zai yi." Maganarsa daidai take, domin ƙarfin iskar taya yana hawa da zafi, kusan kashi ɗaya cikin goma na bar a kowane digiri 10. Wannan ilimin ne masu ƙera wasannin tseren mota na kwamfuta suka shafe sama da shekara 20 suna fafutukar cusa wa na'ura, kuma a ganina da shi ya kamata a auna kowane wasa na wannan nau'in. Kyan hoto da rurin inji ado ne. Yadda wasa ya ɗauki taya shi ke nuna ko tuƙi yake kwaikwayo ko yaudarar mai riƙe da sitiyari yake yi.

Dalili a fili yake. Mota ba ta taɓa ƙasa sai a wuri huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma birki da totur da shan kwana duk ta nan suke bi. A 1987 Farfesa Hans Pacejka na Jami'ar Delft a ƙasar Holan, tare da injiniyoyin kamfanin Volvo, ya fitar da lissafin da aka sani da Magic Formula, wanda ke faɗin irin riƙon da taya za ta yi gwargwadon nauyin da ke kanta da zamewarta. Wasanni da yawa sun dogara da shi, sai dai a asalinsa bai san zafi ba, bai san cinyewa ba. Tayar zagaye na farko ita ce ta zagaye na talatin. Cike wannan giɓin shi ne tarihin nau'in. Wasan Live for Speed ya rarraba taya gida-gida, kowane gida da nasa zafin da nasa cinyewar. Dave Kaemmer, wanda ya yi Grand Prix Legends a 1998, ya kawo sabon tsari a iRacing a 2011, yana lissafi daga halin roba da ƙirar tayar kanta. A rFactor 2 robar da tayoyi suka zubar tana taruwa a kan hanya ta canza riƙo, Assetto Corsa Competizione kuma ya koma auna taɓawar taya da ƙasa a wuri biyar.

Abin da mai wasa ke gani a allo ya cancanci a tsaya a kai. Ana nuna masa zafin gefen ciki, da na tsakiya, da na gefen waje. In tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. In gefuna biyu suka fi, iska ta yi kaɗan, jikin tayar yana lanƙwashewa a kowane juyi yana dafa kansa. In ya taka birki har taya ta kulle ta ja ƙasa, sai wuri ɗaya ya shafe, daga nan sitiyari ya riƙa kakkarwa a hannunsa har ƙarshen tsere. Kuskuren minti na biyu yana bin sa bashi a minti na arba'in, kuma haka abin yake a zahiri. A Indianapolis a 2005 mota 6 kacal suka yi tseren Formula 1 saboda tayoyin Michelin sun kasa jure wata kwana, a Silverstone kuma a 2020 Lewis Hamilton ya ƙetare layin ƙarshe da tayar gaba fasasshiya.

Za a ce ai waɗannan tsare-tsare ba su yarda da juna ba, kamfanonin taya suna ɓoye alƙalumansu, har ƙwararrun direbobi sun sha kukan cewa tayar wasa tana saurin zafi fiye da ta gaske. Gaskiya ne, amma saɓanin a kan adadi yake. A kan alkibla bakinsu ɗaya: nauyi da gudu da ƙarancin iska suna haifar da zafi, zafin da ya wuce kima yana cin roba ya rage riƙo. Da koyarwar banza ce, da Jann Mardenborough, wanda ya fito daga gasar wasan Gran Turismo a 2011, bai zo na uku a ajinsa a tseren Le Mans ba a 2013.

Sukar da ta fi nauyi ta ƙasarmu ce. An gina waɗannan wasanni a kan sabuwar taya da kwalta mai sumul, inda direba ke neman zafi da gangan, domin tayar tsere sai ta kai wajen digiri 100 take kama ƙasa sosai. A Bogo kuwa tayar gwanjo ce, wadda ta riga ta tsattsage tun kafin a ɗaura ta, ga ranar Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙaya, ga ƙasar karal da ke daddarewa da rani ta zama taɓo da damina, ga lodi fiye da kima irin na motocin auduga masu bin hanyar Garwa. Afirkar da ke cikin wasannin ba ta cika wuce filin Kyalami da tseren Safari na Kenya ba. Na karɓi wannan sukar, kuma tana ɗauke da gargaɗi: yaron da ya ɗauka zafi alheri ne ga tayar babur ɗinsa ya ɗauki darasi a baibai. To amma a duba abin da yake hannun yaranmu yanzu. Wasannin waya ne da mota ke dukan bango ta tashi garau, ba taya da ke fashewa, ba birki da ke gajiya. Wanda ya girma a kan wannan ya hau babur yana ɗan shekara 16, an riga an koya masa cewa ganganci ba shi da farashi. Tsakanin wasan da ya gaza wajen adadi da wanda ya ƙaryata sakamako ɗungum, na farkon ya fi kusa da gaskiyar mai faci nesa ba kusa ba.

Giɓin da ya rage namu ne mu cike. Kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion a 2016, ya nuna ana iya ƙera wasa a Kamaru. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Marwa ba su buƙatar Silverstone. Su ɗauki geji da ma'aunin zafi su zauna da masu facin Bogo ranar kasuwa, su auna tayar babur mai lodi a Afrilu da Agusta, su rubuta abin da suka gani, a gina wasan tuƙi a kansa.